Kawu, Telan Mutanen Cikin Littafi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu. Ya cika ne wata Laraba da hantsi, tsakiyar damina, a gidansa na Dukawuya, bayan 'yar jinyar da muka ɗauka zazzaɓi ne kawai. Yayan mahaifiyata ne. Tela ne, amma ba irin telan da ake kai wa ɗinkin Salla ba. Shi rayuwarsa ya ƙarar yana tufatar da mutanen da ba a taɓa haifa ba: alƙalai da fatake da ɓarayi da tsofaffin mata na cikin littattafanmu na da. Duk sanda aka ɗauko tsohon labari za a mai da shi wasan kwaikwayo, a dandamali ne ko talabijin ko fim, zauren Kawu ake fara yi wa sallama.

Ranar zaman makoki lungun ya cika ya batse. Tsofaffin 'yan wasa suka yi ta zuwa, yaran unguwa kuwa suka manta mutuwa aka yi, suka bi su da ido suna zungurin juna. Mu mata muna tsakar gida sai muka ji wani yaro ya ƙwalla a waje, "Wallahi ga mugun wazirin nan!" Aka yi ta daka masa tsawa. Can sai ga wazirin an yi masa iso, ya shigo yi wa Hajiya matar Kawu gaisuwa. Ya tsufa, har da sanda, da ƙyar ya durƙusa. Ya buɗe baki zai yi addu'a, kuka ya ƙwace masa.

"Hajiya," ya ce, "ni fa ban iya mugunta ba. Maigidanki ne ya matse min wuyan riga, ya saka mata shafi mai tauri, na kasa juya kai, sai dai in kalli mutum ta gefen ido. Shi ke nan duk Kano aka tsane ni. Har gobe in na je sayen nama sai mahauci ya harare ni."

Mata suka fashe da dariya, ga hawaye shaɓe-shaɓe a fuska. Ita ma Hajiya sai da ta murmusa cikin hijabinta. Wata tsohuwa maƙwabciya da ke gefe tana jan carbi ta ce, "Allah sarki. To yanzu wa zai riƙa zuwa roƙon rigar mamaci?"

Ranar sadakar uku babban ɗan Kawu ya kira ni zaure. Abokin wasana ne, shi ɗan namiji ni 'yar mace, tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba mu tsokani juna ba. Ranar ko murmushi bai yi ba. Ya ce sun zauna da Hajiya da ƙannensa mata, sun yanke shawara in an yi arba'in za a kwashe kayan ɗakin Kawu gaba ɗaya a rabar sadaka, ladan ya kai masa.

Ɗakin da yake nufi wani tsohon soro ne a bayan zaure, adakoki a jere tun daga ƙasa har kusa da rufi, in ka shiga warin kafur ya doke ka. Aikin Kawu na tsawon ransa yana ciki. Akwai saƙi da tsamiya na saƙar hannu waɗanda masaƙansu sun mutu ba su bar magaji ba, akwai wandunan da ba a ƙara yanka irinsu ba, ga huluna, ga rawuna, ga zannuwa. Kowace tufa da mai ita a cikin wani labari, kuma bayan Kawu ni kaɗai na san wace ce ta wa.

Na gwada masa wasa, na ce, "Kai dai tun kana ƙarami ba ka san darajar kaya ba. Mutumin da ya taɓa goge keke da hular ubansa!"

Ya ce, "Malama, ba wasa na kira ki ba. Don kada ki ji a bakin wani ne."

'Yar ƙanwa ce ni, ga 'ya'yansa a raye, ga matarsa. Ko allura ba ni da ita a gadon Kawu. Amma na fita zauren nan na ƙudura a raina sai inda ƙarfina ya ƙare, ɗakin nan ba zai watse ba. In ya watse, gani nake an sake binne Kawu, wannan karon ba mai sanin inda kabarin yake.

Bari in faɗi yadda na shiga harkar. Hausa nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Kawu ya yi karatun allo mai zurfi, yana kuma haɗa baƙin boko a hankali, amma ya ce shi littafi a kunne yake ganinsa. Saboda haka in an kawo masa aiki sai ya aika a kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kira na da komai ba sai Uwata. "Uwata, zo ki karanta min, an kawo min baƙi tsirara."

Karanta wa Kawu littafi aiki ne, wallahi. Ba ka yin layi uku bai tsayar da kai ba. Yana zaune kan keken ɗinkinsa, ido a rufe, sai ka ji, "Dakata. Rani ne ko damina?" In ce marubuci bai faɗa ba. "To mutumin nan yana da mata?" In ce Kawu me ya haɗa mata da riga? Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni. "Gwauro da kansa yake yin faci, da zaren da ya samu. Mai mata kuwa ba ka ganin facinsa sai ka juya rigar. Ci gaba." Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a rubuta wai sarki ya fito cikin tufafi na alfarma. Sai ya ja tsaki har sai an ji a waje. "Alfarma wace iri? Fara ce ko shuɗiya? Marubucin nan rowa gare shi, ya yi shafi biyu yana yabon doki, ya bar mai dokin ba wando."

Ba ya taɓa almakashi sai an kai ƙarshen littafin, ko da ɗan wasan da zai yi wa ɗinki a shafin farko zai mutu. Ya ce mai yiwuwa a can gaba wani ya tuna da mamacin ya ambaci hularsa. Daraktoci sun sha zuwa suna tada jijiyar wuya, lokaci na ƙurewa, shi ko a jikinsa. Wasu sun yi fushi sun tafi wajen wani telan, kuma ba duka ne suka dawo ba. Inna, mahaifiyata, takan ce taurin kan yayanta ya hana shi arziki, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Maganar rigar mamaci da tsohuwar nan ta yi kuwa, ga asalinta. Kawu ya yi imani sabuwar riga ƙarya take yi. Ya ce in ka sa wa ɗan wasa sabuwar riga ka ce falke ne da ya taso daga Gwanja, ko jariri ya san daga shago ya taso. Don haka in dattijo ya rasu a cikin gari, daga Ƙofar Mazugal har Kabuga, sai Kawu ya je gaisuwa kamar kowa, ya koma gida ya yi haƙuri har a raba gado. Sannan ya ɗinka sabon kaftani mai kyau, ya naɗe a takarda, ya je ya durƙusa wa magada. Musaya yake roƙo: ga sabuwa, a ba shi tsohuwar da ta koɗe a kafaɗa, wadda goro ya ɓata wa gaba. Wasu su ba shi suna mamaki. Wasu su kore shi, an ma taɓa yi masa zargin tsafi. 'Yan zaman majalisa suka laƙaba masa Magajin Mamata, in ya wuce su ce, "Kowa ya riƙe rigarsa!" Shi kuma ya tsaya ya ƙare wa mai maganar kallo ya ce, "Kwantar da hankalinka, taka ko kyauta ba na so, ba ta san wahala ba."

In bai samu tsohuwa ba sai ya tsufar da sabuwa. Ya jiƙa ta a ruwan shayi, ya rataye ta a madafi hayaƙi ya bi ta, ya ba mai turin ruwa ya sa ta ya yi aiki har gumi ya zauna mata. Hajiya ta sha ɗaga kai tana tuƙa tuwo ta ga wandon wani ɗan fashi yana lilo a kanta.

Ba zan ce Kawu waliyyi ne ba, shi ma da yana nan sai ya ƙaryata ni. In aiki ya shiga kansa ba ya ganin kowa. Akwai shekarar da aka ba shi ɗinkin wata tsohuwa mai hikima a wani wasan talabijin. Ya duba duk adakokinsa bai ga zanen da ya yi masa ba. Hajiya ta tafi biki Gwarzo, ya buɗe akwatinta ya ɗauko zanen saƙin da mahaifiyarta ta bar mata, shi kaɗai ke gare ta na uwarta, ya sa almakashi ya rage masa tsawo don 'yar wasan gajeruwa ce. Tabɗi! Hajiya mace ce mai sanyi, amma ranar har maƙwabta sai da suka leƙo. Ba ta yi yaji ba. Ta ci gaba da dafa masa abinci, ta ajiye a bakin ƙofa, ba sannu ba ina kwana, tun daga kaka har aka fara zafi. Ya aika Inna biko a cikin gidansa, Inna ta ce ba ruwanta, ita ma da ita ce da abin ya fi haka.

Ranar da aka nuna wasan, Hajiya ta zauna can baya kamar ba kallo take ba. Da tsohuwar ta fito tana tafe a hankali cikin zanen, sai muka ji shessheƙar Hajiya. Ta ce tafiyar uwarta ce sak. Washegari ta gaishe shi. Amma har ya bar duniya in zancen ya taso takan ce, "Na yafe masa don Allah, zanena dai bai dawo ba." Shi kuma ya sunkuyar da kai yana wasa da zare, don ya san bai da gaskiya.

Mutumin da ya yi wannan ɓarnar kuma shi ne ya yi abin da zan faɗa yanzu. Wata shekara ɗalibaina za su yi wasan ƙarshen zango daga wani tsohon littafi. Akwai yarinya a ajin, wuta ta ƙone ta tana ƙarama, tabon ya taso daga wuya har gefen kunne. Kullum a ƙudundune take cikin hijabi, ba ta magana. Amma ta fi kowa haddace maganganun 'yar attajirin da ke cikin labarin, ni kuwa na ba ta matsayin. Sauran suka fara ƙus-ƙus. Ta same ni tana kuka ta ce a canza ta. Na kai ta wajen Kawu tare da yayarta, na raɗa masa ya yi mata lulluɓin da zai rufe wurin.

Ya ce, "Uwata, in na rufe, duk zauren abin da ke ƙarƙashi za su yi ta tunani." Ya juya wajen yarinyar. "'Yata, ni ba ɓoye ki zan yi ba, ado zan yi miki. Kin yarda?" Ta ɗaga kai. Ya haɗa mata duwatsun wuya na tsakiya da murjani sahu-sahu, ya ɗaura mata ɗankwali ya karkata shi gefen da ba tabo, ya bar wancan gefen a fili. Sannan ya sa ta yi ta zagaya tsakar gida da faifai a ka har wuyanta ya miƙe. Ranar wasa ta fito kai a sama. An ga tabon, ba wanda bai gani ba, amma kafin ta gama maganarta ta farko an daina kallonsa. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Ta zo gaisuwa da goyo a bayanta, ta daɗe a bakin ɗakin nan a tsaye.

To irin waɗannan ne a cikin adakokin da za a rabar. Kwanakin nan kafin arba'in ban zauna ba. Na shiga ofis-ofis ina neman inda za a karɓi kayan a adana, kowa ya yaba, kowa ya ce in dawo wani makon oga ya yi tafiya. Na je wajen 'yan fim, suka ce suna so, amma masu ƙyalli za su tsinta su bar sauran. Na ce a kai gidana, maigidana ya tambaye ni a ina, ɗaki biyu gare mu da yara biyar. Na koma wajen abokin wasana na yi roƙo, na yi faɗa, har na ce masa so yake ya mai da soron shago. Wannan maganar ta yi masa zafi. Ya ɗauko mukulli ya ce in biyo shi.

Rufin soron ya jima yana yoyo ta kusurwar gabas, Kawu bai faɗa wa kowa ba. Abokin wasan nawa ya jawo adakar ƙasa ya buɗe. Gara ta shiga. Na sa hannu zan ɗago wata riga, sai wuyan ya biyo hannuna, sauran ya zube gari. Na buɗe ta kusa da ita, haka. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar.

Ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Kina gani ba na son Baba ne? Kafin ogan naki ya dawo daga tafiya, gara ta gama rabon."

Duk da haka ban saduda ba, na kai ƙara wajen Inna, ina ganin ita ƙanwarsa ce, za a ji maganarta. Ta saurare ni har na gama tana tsince shinkafa. Sannan ta ce, "Ke so kike a tuna da ɗinkinsa. Su so suke lada ya iske shi inda yake kwance. Ki faɗa min tsakani da Allah, yau wanne ya fi buƙata?" Na ce Inna ba haka ba ne. Ta ce, "Haka ne mana. Yayana ne kafin ya zama kawunki. Ki bar masu sanyi su sa riga."

Ranar rabon ban je ba. Na tafi makaranta na koyar da darasin da ban san me na faɗa a ciki ba. An ce liman ya kasa kayan, an aika masallatan unguwanni, kafin azahar soron ya zama wayam. Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na daina bi ta lungun, in zan gai da Hajiya sai in kira ta a waya. Abin da ke ci na shi ne waɗanda suka karɓa ba su san me suka karɓa ba, ba su san hannun da ya yi ba, kuma ba za su taɓa tambaya ba.

Bayan Babbar Salla, wata Juma'a an sauko daga masallaci, ina cikin adaidaita sahu a Ƙofar Kabuga, cunkoso ya riƙe mu. Ina kallon waje haka kawai sai na hango wani mai rake a bakin titi, dattijo baƙi siriri, yana feraye kara. Babbar riga ce a jikinsa ta tsamiya, ya naɗe hannuwan a kafaɗa. Rigar alƙali ce, wani azzalumin alƙali mai cin hanci na cikin wani labari, ina zaune Kawu ya yanka ta. Na ce wa direba ya sauke ni nan.

Na isa na tsaya ina kallon rigar kamar wata sakarya. Ruwan rake ya ɗiga a gabanta, ƙudaje na bi. An yi mata faci a hammata da jan zare, jan zare fa, a jikin tsamiya! Da Kawu ya gani da sai ya kwanta ciwo.

"Hajiya, na nawa za a yanka?" in ji shi.

Na ce, "Baba, rigar nan fa?"

Ya dubi jikinsa ya washe baki. "A masallaci aka ba ni, wai sadakar wani bawan Allah ce. Tunda nake ban taɓa mallakar babbar riga ba sai a kanta. Da ita na ɗaura auren 'yata. Dangin ango suka yi ta ba ni hannu biyu-biyu, sun ɗauka wani ne." Ya matso ya rage murya. "Kuma wanda ya ɗinka ta ya san talaka. Dubi nan." Ya juya cikin hannun rigar ya nuna min wani ɗan aljihu a ɓoye. "Nan nake sa ciniki. Ɗan sane ya lalube ni har ya gaji."

Aljihun da Kawu ya yi wa alƙali don ya riƙa zura toshiyar baki ne. Dariya ta kama ni, kuka ya biyo ta, na rasa wanne zan yi. Mai rake ya rikice yana ta ba ni haƙuri bai san laifinsa ba. Da na samu numfashi na ce masa kawuna ne ya ɗinka ta, shi ne mamacin.

Ya ajiye wuƙar. "Allahu Akbar. Hajiya, kullum na sa ta sai na yi masa addu'a, amma sai dai in ce mai rigar nan. Don Allah mene ne sunansa, in riƙa faɗa?"

Na buɗe baki na tsaya. Tunda aka haife ni sunan Kawu bai taɓa fita daga bakina ba, ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Na faɗa a hankali, ƙarar motoci ta haɗiye. Ya kara hannu a kunne ya ce bai ji ba. Sai na ɗaga murya a bakin titin Kabuga, mutane na wucewa, na kira sunan Kawu da na mahaifinsa.

Ya maimaita har ya zauna masa. Sannan ya ɗaga hannuwansa masu danƙon rake, hannun rigar ya zame daga kafaɗarsa ya sauka har ƙasa, ya ce, "Allah Ka ji ƙansa, Ka yafe masa, Ka suturta shi yadda ya suturta ni."

Na ce amin.